Ladanin da Aka Ce Yana Shayar da Butoci

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za a tattara mu ɗaya bayan ɗaya. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga ni tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa a Anguwan Rogo a nan Jos, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Ya girme ni da shekara shida. Kafin la'asar mun kai shi mun dawo.

Ban taɓa ganin ƙofar gidan nan ta cika haka ba. Sai da aka aro tabarmi daga gida uku, masu keke suka riƙa juyawa suna bi ta bayan layi. Na zauna kusa da babban ɗansa ina karɓar gaisuwa, ina kallon fuskoki. Da yawansu shekara goma sha bakwai rabonsu da wannan dakali. Akwai wanda na sani in ya hango Yaya daga nesa sai ya tsallake kwata ya koma ɗaya gefen titi. Ga shi ya zo da babbar riga, yana girgiza kai yana cewa, "Allah sarki, mutumin kirki, ba ruwansa da kowa." Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ba a ba shi hannu, da wa zai yi hulɗa?

Wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Muryar nan tasa! Tun da ya bar kiran salla ba mu sake jin asuba irin tasa ba." Na janye hannuna. Shi ne da kansa ya zare wayar lasifika, ya karɓi makullin masallacin layinmu daga hannun Yaya. Wai "ya bar", kamar Yaya ne ya gaji ya ajiye.

Da aka fito da kunu daga cikin gida, sai na ga ana ta miƙa kofi gaba. Masu azumin nafila suka yawaita ranar, kuma ranar Talata ce. Waɗansu sun taho da ruwan ledarsu a aljihu. Na ji wani a bayana yana raɗa, "An fitar da kayan kuwa, ko suna ciki?" Na kusa da shi ya ce, "Suna ciki mana. Ai su ne suka ci shi a ƙarshe."

Kayan da suke nufi butocin shayi ne guda shida, na yumɓu, 'yan ƙasar Caina, babbar cikinsu ba ta wuce dunƙulen hannun namiji ba. Duk unguwa ta yarda cewa tsafi Yaya yake yi da su.

Da rana ta yi sanyi, mijin 'yarsa ta biyu, wanda ya fi mu karatu kuma ba ya bari a manta da haka, ya miƙe ya gyara murya. Ya ce, "Ranar uku, in an shafa addu'a, za mu fito da su a farfasa a gaban kowa, kada su bi shi kabari, kada kuma su zauna wa iyali a gida." Aka ce, "Madalla, Ustaz." Babban ɗan Yaya ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa na san babu komai a butocin nan. Na sani domin ni na ƙirƙiro maganar. In aka fasa su a bainar jama'a, ƙaryata ta tabbata ke nan, 'ya'yansa da jikokinsa sun gaji sunan har abada. Kwana biyu suka rage mini in buɗe baki.

Yaya makanikin injin jan ruwa ne. Duk ramin haƙar kuzar da ruwa ya cika, shi ake nema. A wannan aiki ya haɗu da wani tsoho ɗan Caina mai sayen kuza, ya yi masa aiki shekaru masu yawa, yana gyara masa inji, yana tuƙa shi. Oga Yaya yake ce wa tsohon. Ranar farko da Yaya ya sayo masa shayi wurin mai shayin bakin Titin Bauchi, da madara da sukari, an ɗaga shi sama an sauke har ya yi kumfa, tsohon ya leƙa kofin ya ce, "Wannan kunu." Har ya mutu Yaya bai daina ba da wannan labari yana dariya ba. Tsohon ne ya koya masa nasu shayin, ba madara ba sukari, a 'yar buta, a ɗan kofin da bai wuce kurɓa biyu ba. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa buta biyu. Sauran huɗun kuwa Yaya ya daɗe yana nemansu. Yakan zana siffar a takarda ya ba 'yan kasuwar da ke zuwa can sayen kayan keken ɗinki. Sau biyu suka kawo masa masu sheƙi, an shafa musu fenti. Ya shinshina, ya kifa a tebur, ya yi tsaki ya ce, "Wannan inji ne ya tofo ta." Ya ba matarsa ta zuba allura da maɓalli.

Yana da hanyar gwaji. Yakan cire murfi ya kifa butar: bakin hanci, da bakin da murfi ke zama, da saman mariƙi, dole su taɓa teburin tare. Sannan ya cika ta da ruwa ya fara zubawa, ya ɗora yatsa a ɗan hujin da ke kan murfi. In ruwan ya tsaya cak, an yi aiki. In ya ci gaba da tsiyaya, sai ya ce, "Wanda ya yi wannan, da birkila ya zama."

Ya ce mutanen can sun ba kowace siffa suna tun zamanin kakanninsu, kamar yadda a huluna muka san kube daban, dara daban, haɓar-kada daban. Harshensa bai iya sunayen ba, sai ya juya su da Hausa bisa ma'anar da Oga ya gaya masa. Na ji bayanin nan ya fi a ƙirga, ina zaune ina hamma, ga shi yau ba abin da na manta.

Wadda ya fi so ita ce Ludayin Dutse, ɗaya daga biyun da Oga ya bar masa. Gindinta faɗi, samanta a tsuke, hancinta gajere ne a miƙe, tana zaune kan 'yan ƙafafu uku kamar maɓallai. Ba ta da kyan da zai tsayar da mai wucewa. Amma in ya karkata ta, shayin kan fito kamar sanda, in ya ɗaga hannu ya yanke ba ɗigo ko ɗaya. Yakan ce, "Ture ta ka gani ko za ta faɗi. Wannan ba ta neman a so ta."

Ita yake gwadawa da wadda ya kira Budurwa, kewayayya kamar lemo, hanci ɗan tsugul, mariƙinta a juye, siriri a sama mai kauri a ƙasa. Duk baƙon da ya shigo ita yake fara miƙa wa hannu, Yaya kuma ya taɓe baki. "Da haka nake gane wanda bai san komai ba," in ji shi, a gaban baƙon. Amma ya yarda cewa ganyen da aka nannaɗe kamar ƙwaya ba inda yake sakewa ya buɗe sai a cikinta, domin ba lungun da zai matse shi. Ludayin Dutse ba ta iya wannan ba, kuma yakan faɗi haka kamar yana faɗin laifin ɗansa.

Akwai Dutsen Awo, doguwa mai nauyin gindi kamar dutsen da ake ɗora wa sikeli. Ita ke riƙe zafi, ita yake fito da ita da baƙin ganye a tsakiyar damina, lokacin da sanyin Jos ke shiga ƙashi. Akwai Ganga, wadda aka danne ta ta yi faɗi. Ita kam bai cika ɓata mata baki ba. "Ba ta yi wa kowa laifi, ba ta kuma burge kowa, kamar ma'aikaci mai jiran fansho." 'Yar autarsu yakan ɗora ta a kwanon ruwan zafi ta yi iyo ba ta karkata ba, domin nauyin hancinta da na mariƙinta ɗaya ne. Ita ce kawai yake wasa da ita.

Ta shidan ita ce Bakin Rijiya: gajera, bangonta a miƙe, bakinta faɗi kamar da'irar da ake gina wa rijiya. Tana da sauƙin zuba ganye da kwashewa, kuma ita ta dace da ɗanyen ganyen da zafi mai yawa ke ƙonawa, domin ba ta riƙe zafi. A kanta rigimarmu ta taso.

Ba zan mai da Yaya waliyyi don ya mutu ba, masu babbar riga sun riga sun yi wannan aikin. Yaya yana da raini, kuma harshensa ya fi almakashina kaifi. Al'adarsa ce ya auna mutane da butocinsa. Liman, in ji shi, Dutsen Awo ne, abin da ka zuba masa yana nan da zafinsa har shekara. Matarsa kuwa ya ce ba ta cikin jerin: "Ita tukunyar tuwo ce. In ba ita, da mu da butocin duk yunwa ta kashe mu." Ranar sunan jikana na fari, a gaban surukaina, wani ya tsokane shi ya ce, "To Tela fa, wace buta ce?" Ni tela ne, da haka ake kirana. Yaya ko kallona bai yi ba ya ce, "Bakin Rijiya. Duk abin da ka zuba masa, kafin ka juya ya huce, kuma layi duka sun ji ƙamshinsa."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Sunan ya bi ni har shago. Mai kawo ɗinki ya leƙo ya ce, "Bakin Rijiya, an gama wandon?" Abin da ya fi ƙona ni shi ne gaskiya ya faɗa.

Bayan sati biyu ko uku, muna zaune a bencin ƙofar masallaci bayan la'asar, sai wani ya ce, "Ni kam Tela, na wuce da safe na ga yayanka yana kwarara wa buta shayi a ka, yana shafa ta da ƙyalle. Meye haka?"

Na san amsar. Ana zuba wa butar ruwan zafi a jiki don kada sanyi ya kashe shayin da ke ciki. Jiƙon farko wankin ganye ne, ba a sha, sai a juye shi a kanta, yumɓun ya tsotsa, da shekaru ta yi sheƙin da ba fenti. Da na faɗi haka, da an yi dariya an wuce.

Sai na sassauta murya na ce, "Ku dai ku bari kawai. Akwai abin da ake shayarwa."

Benci ya yi tsit, na ji daɗin tsit ɗin. Na ci gaba. Na ce kowace buta da abincinta, ba a haɗa mata da na wata. Na ce sabulu ba ya taɓa su, ko matarsa ba ta isa ta wanke ba. Na ce sai sun sha kafin shi ya sha. Na ce kowace da sunanta, kuma baƙon nan ɗan Caina bai bar masa su a banza ba. Ku lura, in kun cire maganar akwai abin da ake shayarwa, ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Yumɓun yana riƙe ɗanɗanon ganye, shi ya sa ba a cakuɗa masa, shi ya sa sabulu ke lalata shi. Na ɗauki ilimin da ya koya mini kyauta na jera shi yadda zai zama wuƙa.

Ba wanda ya tashi ya taka 'yan takun nan ya tambaye shi. Ko ɗaya. Mutanen da in za su sayi yadi sai sun murza shi sun ɗaga shi a rana, suka karɓi wannan ba murzawa. Kafin wata ya ƙare an ce yana magana da butocin suna amsawa. An ce butocin alwalar aljanu ne, shi ya sa suke ƙanana. Shekara ashirin da wani abu Yaya ke kiran salla a masallacin nan ba a biyansa, shi ke share shi, shi ke gyara famfon. Wata ranar Laraba ya zo kiran azahar ya tarar an zare waya. Aka ce ya ɗan huta tukuna har a bincika. Ba a taɓa binciken ba.

Ya same ni a shago washegari. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Tela, maganar sabulu mutum biyu na gaya wa a duniya, kai da matata. Ita ba ta zama a benci."

Na ce, "Yaya, wasa nake yi, su suka ɗauka da zafi."

Ya ce, "To je ka gaya musu wasa ne."

Na ce, "Kai ma ai kana da baki. Ka kira su ka nuna musu."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Ni in tsaya in yi wa waɗannan bayanin shayi? Mutanen da ke tafasa ganye har ya mutu, su binne shi da sukari cokali biyar? Kai ka zubar, kai za ka kwashe."

Na ce gobe. Da goben ta zo na ga abin ya girma, in na yi magana ni za a juyo wa. Na ce bari ya lafa. Da ya lafa na ce tayar da shi zai fi ciwo. Haka na yi ta yi wa kaina ɗinki shekara goma sha bakwai. Shi kuma girman kansa bai bar shi ya roƙi kowa ba. Ya koma sallarsa a wani masallaci can gaba, a sahun baya. Kullum da hantsi yakan fito da tirensa zaure, ƙofa a buɗe, ya jera kofi huɗu kamar da. Shi kaɗai yake sha.

Shekara biyar da suka wuce hawan jini ya kayar da ni, hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa. 'Yan benci suka zo sau ɗaya, tare, suka yi addu'a a tsaye suka tafi. Yaya kuwa kwana arba'in yana zuwa kowace safiya da tirensa a rufe da tawul, yana ratsa layin da ake nuna shi da baki. Yakan zauna a bakin gadona ya jiƙa ɗanyen ganye a Bakin Rijiya, ya tallafi kaina ya kai mini kofi baki. Ranar farko na ɗan yi jinkiri, don kunya. Ya ce, "Sha. Ba na tsafi ba ne. Kai ka fi kowa sani." Bai sake tayar da maganar ba. Yana matsa mini yatsu ɗaya bayan ɗaya yana zagina cewa ko hannun lafiyayyen ma ɗinkin bai taɓa miƙewa ba. Na warke na koma shago. Ban je benci na yi magana ba.

Ranar uku ta zo. Aka yi addu'a aka shafa, aka raba waina, wadda aka tabbatar wa kowa cewa daga waje aka sayo ta, sai ga masu azumi sun sami lafiyar ci. Surukin ya shiga ya fito da tiren, ya ajiye a kan dakali, taɓarya a hannunsa. Mutane suka ja baya, amma ba wanda ya tafi. Har daga wani layi an zo kallo.

Tun asuba na shirya maganata. Na ce da an shafa zan miƙe. Aka shafa ban miƙe ba. Na ce da ya fito da su. Ya fito da su, ina nan zaune.

Ya ɗauki Ludayin Dutse da gefen rigarsa, kada fatarsa ta taɓa. Ya ce, "Wannan ce uwarsu, ita baƙon ya ba shi." Ya ajiye ta a ƙasa ya yi bisimilla. Bugun farko ta tsaya a kan ƙafafunta, murfin ne kawai ya yi tsalle. A na biyu ta rabe uku. Cikinta baƙi ne wuluk, shayin shekara talatin. Wani ya ce, "A'uzu billahi, kun ga cikin!"

Ya miƙa hannu zai ɗauki ta biyu. A nan na ji muryata ta fita, ba yadda na shirya ta ba.

"Ustaz, tsaya. Ƙarya ce. Ni na yi ta."

Na gaya musu duka, a tsaye, ina riƙe da bango. Ranar suna, da benci, da abin da na faɗa da abin da na ɓoye. Na ce baƙin da suka gani shayi ne, duk wanda ya leƙa tsohuwar tukunyar mai shayi zai ga irinsa. Na ce mutumin da suka binne bai taɓa haɗa Allah da komai ba, kuma ya san ni ne, ya kuma yi jinyata.

Ina jiran a zage ni, da an zage ni da na ji sauƙi. Sai dattijon nan mai zare waya ya ce, "Ai mu dama can ba mu taɓa yarda ba." Na kusa da shi ya ce, "Wallahi ko ni na sha faɗa a raina." Wani kuma ya ce, "Ku zaunar da shi, baƙin ciki ne ya taɓa shi." Mutum sama da hamsin a wurin, ba a sami wanda ya taɓa yarda ba. Sai ka ce makullin da kansa ya fita daga aljihun Yaya.

Surukin bai saki taɓarya ba. Ya ce, "Baffa, ko da hakan ne, fasa sauran ya fi, don a toshe ƙofar zargi."

Babban ɗan Yaya ya miƙe. Tun ranar Talata ban ji muryarsa ba sai "amin". Ya ce, "Ajiye, Malam." Ya ɗauki tiren da hannunsa, ba da gefen riga ba. Da ya zo daidai ni ya tsaya. "Baffa, shekarata goma sha biyar lokacin. Ka san sunan da ake kirana da shi a makaranta?"

Na ce na sani.

"Ni ma na yarda, Baffa. Ban taɓa shan shayinsa ba. Kullum sai ya ajiye mini kofi." Ya shige gida.

Bayan an watse matar Yaya ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, ta bayan labule ta yi magana. Na ji ƙarar gutsattsarin a cikin kwano, ashe ta sa an tsince mata su. Ta ce, "Baffan yara, na ji abin da ka yi. Ka bari sai da aka fasa wadda ya fi so."

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Nawa mai sauƙi ne, zan duba. Nasa kuma ba ni da shi balle in ba ka. Amma ba a ƙofar gidan nan ka fara ta ba. Ka koma inda ka fara."

Na koma. Bayan la'asar na roƙi liman ya tsayar da mutane, na maimaita komai. Cikin waɗanda suka zauna a bencin nan ranar farko, huɗu suka rage a raye. Sauran masu salla matasa ne, suna duban waya, takalma a hannu. Liman ya ce Allah ya karɓi tuba, aka ce amin, aka fita. Duka bai kai minti biyar ba.

Na ɗauka na gama. Sati biyu bayan haka na je sayen zare, na hau keke daga Tina Junction zan dawo gida. Kusa da ni wani magidanci ne da ban taɓa gani ba, yana rungume da buhun dankali. Da ya ji layin da na gaya wa direba sai ya ce, "Ah, Baba, layin mai butocin tsafin nan da ya mutu? An ce da aka fasa ɗaya, baƙin abu ya fito."

Na ce, "Yayana ne. Ba tsafi ba ne, shayi ne. Ni na ƙaga maganar don ya ɓata mini rai." Na ba shi labarin tun daga farko, har direba ya rage rediyo.

Ya saurara har ƙarshe, ba raini a fuskarsa. Sannan ya ce, "To Baba, ka yi haƙuri fa. Kai da bakinka ka ce ka yi wa yayanka ƙarya shekara goma sha bakwai. Yanzu ni da wanne zan yarda?"

Ya sauka a gaba da buhunsa. Na ƙarasa gida da tambayarsa.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan karatun da nake da shi. Ya Allah, ka gafarta wa Yayana raininsa da kaifin harshensa, ka yalwata masa makwanci, ka rubuta masa ladan kowace asuba da aka hana shi kira, ka ɗebe shi daga nawa in akwai abin ɗiba. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri a kan rashinsa da kuma a kaina. Amin.

Ban roƙi kowa ya yarda da ni ba, na zubar da wannan damar da hannuna. Butoci biyar suna nan. Babban ɗansa ya ce duk mai shakka ya zo da hantsi ya yi sallama, za a jiƙa a gabansa, shi zai fara sha.